Amsoshin Tambayoyinku: ajiye lamba da gane mai kira a wayar gida mara igiya

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da wannan lokaci. Wasiƙun yau kusan duk akan wayar gida ne, irin mara igiyar nan da ake ɗauka a zagaya da ita cikin gida a dawo a ɗora ta kan mazauninta tayi caji.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce, tace mahaifiyarta ta manyanta ido ya yi rauni, kullum in zata kira 'ya'yanta sai ta ɓata lamba, ya za'ayi a sauƙaƙa mata?

To 'yar uwa Allah ya saka miki da alheri da kika damu da Mama haka. Yawancin wayoyin nan suna da wurin ajiye lamba akan maɓallan 1 zuwa 9, kowane maɓalli mutum ɗaya. A wasu akwai maɓalli da aka rubuta MEM a jiki, ki danna shi ki rubuta lambar ki sake danna shi sannan ki zaɓi maɓallin da zata zauna, a wasu kuma sai kin fara saka sunan a littafin lambobi na cikin wayar sannan ki ɗaura shi akan maɓallin, daga nan in Mama ta danna ta riƙe kamar daƙiƙa biyu kiran ya tafi. Amma don Allah kar ki cika mata tara ɗin duka, uku ko huɗu sun isa, wanda yafi kusa da ita kuma yafi saurin ɗauka shi za'a fara sawa, sai ki rubuta da manyan baƙi a takarda ki manna kusa da mazaunin wayar. Ki lura a wasu wayoyin maɓallin 1 an riga an ware shi wa saƙon murya. Kuma ki zauna ta gwada kowanne a gabanki har ya shiga, dan lamba ɗaya in ta kuskure wajen ajiyewa ba wanda zai sani sai ranar da ake cikin buƙata, ranar kuwa ba'a son kuskure.

In layin irin na ofis ne da sai an danna 9 kafin a fita waje, akwai maɓallin dakatawa, yana fitowa da harafin P a allo, a saka shi tsakanin 9 ɗin da sauran lambar dan wayar ta ɗan jira layi ya buɗe.

Sai wani malami yace ya sayi sabuwa, a kwali an rubuta tana nuna mai kira, amma ko an kira ba abinda yake gani.

Malam ba lallai wayarka ta lalace ba. Ita wayar bata san kowa ba, kamfanin layin ne yake turo lambar ita kuma ta nuna, dan haka in ba'a kunna maka wannan tsarin akan layinka ba to allo zai zauna fayau, ka fara tuntuɓar su. Na biyu a layuka da yawa lambar tana zuwa ne tsakanin ƙarar farko da ta biyu, in kana da saurin hannu ka ɗauka tun ƙarar farko ka katse ta kenan, ka bari tayi biyu. Na uku hanyar turo lambar ba ɗaya bace a duk duniya, akwai tsarin da ake kira FSK akwai kuma wanda ake kira DTMF, wayar da aka yo wa wata ƙasa tana iya kasa karanta na wata, ka duba cikin saiti ko akwai wurin canzawa. Suna kuwa mafi yawan lokaci daga littafinka yake fitowa, wayar tana gwada lambar da ta shigo da wadda ka ajiye, shiyasa yake da kyau ka ajiye lamba yadda take shigowa, daga jerin waɗanda suka kira kai tsaye.

Wasiƙa ta uku ita tafi tsaya min a rai. Wani dattijo yace an kira shi allo ya nuna lambar bankinsa sak, mai maganar yace ya karanto lambobin katinsa, shi dai bai bayar ba amma yana tambaya ko ya yi kuskure tunda lambar ta gaskiya ce.

Baba wallahi ka yi daidai. Lambar da take fitowa a allo ana iya ƙirƙirarta, masu kira ta intanet suna iya sa kowace lamba ta bayyana, har sunan da ka ajiye da hannunka ya fito tunda wayar lamba kawai take gwadawa. Banki baya neman lambar sirrinka ta waya. In irin haka ta sake faruwa ka kashe, ka ɗan jira ka tabbatar layin ya yanke, sannan ka kira lambar dake bayan katinka da kanka. Wanda kuma ya ɓoye lambarsa ba lallai mugu bane, ofisoshi da asibitoci suna yi, in da gaske yake nemanka zai bar saƙo.

Ta ƙarshe gajeriya ce, in wuta ta ɗauke lambobin zasu goge? A yawancin wayoyin zamani basa gogewa ko da an cire batir, agogo ne dai kan rikice. Amma mazaunin da wutar lantarki yake aiki, in babu wuta ba kira ko da kan wayar cike yake da caji, sai dai in yana da batirin ko-ta-kwana. Jerin masu kira shima yana da iyaka, in ya cika tsohuwa ce take fita, dan haka lambar da kike so ki mayar da ita littafi tun da wuri, kuma ki duba ko a kan wayar ake ajiyewa ko a mazauni, dan in a kan wayar ne kuma kuna da waya ta biyu a wani ɗakin, ita ma sai an kwafa mata nata daban.