Amsoshin Tambayoyinku: Ina Matsayin Hankali a Cikin Bangaskiya?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan mako a kan abu ɗaya suke zagayawa, wato matsayin hankali da tunani a rayuwar mai bin Almasihu. Na ware huɗu daga ciki, za mu ɗauke su gwargwadon yadda lokaci ya ba mu dama.

Ta farko daga wani ɗan'uwa ce, ɗalibin kimiyya a jami'a. Ya ce: "Malam, tun ina ƙarami nake zuwa sujada. Da na shiga jami'a sai tambayoyi suka cika mini kai. Na kai wa wani dattijon ikkilisiya biyu daga cikinsu, sai ya buɗe mini Karin Magana 3:5, ya ce kada in jingina ga fahimtata, in yi shiru in ba da gaskiya kawai. Tun daga ranar ban ƙara tambayar kowa ba, amma tambayoyin suna nan daram. Zunubi nake yi?"

Ɗan'uwana, ba zunubi kake yi ba. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne inda ka ce ba ka ƙara tambayar kowa ba. Wannan shirun ne nake ji maka tsoro. Tambayar da aka danne ba ta mutuwa, ruɓewa take yi a ciki, har wata rana mutum ya wayi gari ya ga ya bar hanya ba tare da kowa ya san lokacin da ya fara zamewa ba.

Mu fara da ayar da dattijon ya karanta maka. Gaskiya ce, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya kawo ta. Amma dubi kalmar da kyau: jingina. Jingina ita ce ka saki dukan nauyinka a kan abu. Ayar tana gargaɗi ne kada fahimtarka ta zama bangon da ka dogara da shi a maimakon Allah. Ba ta ce ka jefar da fahimta ba. Yaya ma za ta faɗi haka, alhali sura ta 2 ta wannan littafin ta ce ka nemi ganewa kamar yadda ake neman azurfa, sura ta 4 ta ce ka sami hikima ko da za ta ci dukan abin da kake da shi, sura ta 14 aya ta 15 kuma ta ce marar wayo ne yake gaskata duk abin da aka faɗa masa?

Sai ka juya zuwa Markus sura ta 12. Wani malamin Attaura ya tambayi Yesu wace doka ce ta fi duka. Yesu ya ce ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka, da dukan ranka, da dukan hankalinka, da dukan ƙarfinka. Hankali yana cikin jerin abubuwan da ake ƙaunar Allah da su. Wanda ya ajiye hankalinsa a bakin ƙofar majami'a ya shiga, da ƙauna ragaggiya ya shiga. Da malamin ya mai da amsa, Markus ya ce Yesu ya ga ya amsa da hankali, sai ya ce masa bai yi nisa da Mulkin Allah ba.

Akwai wani wuri da nake so ka zauna a kansa in ka sami sarari, Luka sura ta 1. Mala'ika Jibra'ilu ya je wurin mutum biyu da saƙon haihuwa, kuma dukansu sun yi tambaya. Zakariya ya ce ta yaya zai tabbatar da wannan, sai aka rufe masa baki har aka haifi Yahaya. Maryamu ta ce yaya wannan zai yiwu tun da ba ta san namiji ba, sai aka ba ta amsa dalla-dalla. A kunne tambayoyin sun yi kama, amma zukatan da suka fito daga ciki daban ne. Ɗaya yana neman shaida kafin ya yarda, ɗaya ta riga ta miƙa wuya tana neman ta gane. Ka auna taka tambayar da wannan ma'auni. Daga yadda ka rubuto, ni dai irin ta Maryamu nake ji.

Ko mai shakka ma Yesu bai kore shi ba. Yahaya Mai Baftisma yana kurkuku ya aiko a tambaye shi, kai ne mai zuwan ko mu sa ido ga wani? Yesu bai ce a gaya masa ya yi shiru ba. Ya ce a je a faɗa masa abin da ake gani, ake ji: makafi suna gani, guragu suna tafiya, ana yi wa matalauta bishara. Hujja ya aika masa. Toma kuwa, almajirin da ya yi shakkar tashin Yesu daga matattu, bayan kwana takwas Yesu ya nuna masa hannuwansa da haƙarƙarinsa.

Kuma kada ka ɗauka kai ne farkon mai ɗauke da irin wannan kaya. Agustin, wanda ya zama bishop a Hippo, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rayu daga 354 zuwa 430. Ya yi shekara da shekaru yana yawo tsakanin koyarwa iri-iri kafin a yi masa baftisma a 387. Shi ne ya koyar cewa ka ba da gaskiya domin ka fahimta, kuma ya ce ba da gaskiya kanta tunani ne da ke tare da amincewa. Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1109, ya kira aikinsa bangaskiya mai neman fahimta. A fannin da kake karanta ma, Giregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta wurin dashen wani nau'in wake, ya buga sakamakonsa a 1866, ɗan zuhudu ne, a lambun gidan zuhudu ya yi binciken. Georges Lemaître na Beljiyam, wanda a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, limamin Katolika ne.

Shawarata ita ce ka sami littafin rubutu guda, ka zuba tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace da shafinta. Za ka ga wasu da zarar sun sauka a takarda sun ƙanƙance. Wasu za su buƙaci karatu da zama da wanda ya fi ka sani. Matambayi ba ya ɓata. Wasu kuma shafinsu zai daɗe babu amsa, kuma za ka iya yin addu'a da littafin a buɗe a gabanka. Shi ma dattijon kada ka ƙullace shi, ka ci gaba da girmama shi, amma ka nemi wani mai bi da zai zauna ya saurare ka har ƙarshe.

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar'uwa ce. Ta ce: "A wata ƙungiyar addu'a da nake zuwa, in shugaban ya ce Ruhu ya faɗa masa abu, ba a yarda kowa ya yi tambaya ba. Yana cewa tunani na jiki ne, yana ɓata wa Ruhu rai. Kwanan nan ya ce in daina shan maganin da likita ya rubuta mini. Me zan yi?"

'Yar'uwa, zan fara da na ƙarshen domin shi ne mai gaggawa. Kada ki daina shan maganinki sai in likitanki ne ya ce ki daina. Ki ci gaba da addu'a, ki ci gaba da magani. Luka da ya rubuta bishara likita ne, kuma Bulus ya kira shi ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14.

Batun cewa Ruhu ba ya son a auna magana kuwa, Littafi Mai Tsarki akasin haka ya koyar. 1 Yahaya 4:1 ta ce kada a gaskata kowane ruhu, a gwada ruhohin a ga ko na Allah ne. 1 Tasalonikawa sura ta 5 ta ce kada a raina annabci, nan take kuma ta ƙara da cewa a gwada kome, a riƙe mai kyau. A 1 Korintiyawa 14, surar da ta fi kowace magana a kan baye-bayen Ruhu a cikin taro, Bulus ya ce in annabawa biyu ko uku sun yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. Ya ce zai yi addu'a da ruhu, zai kuma yi da hankali. Har ya ce gara ya faɗi kalma biyar da hankalinsa a cikin ikkilisiya don ya koyar da wasu, da ya faɗi dubu goma da wani harshe.

Ki tuna da mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11. Manzo Bulus ne da kansa yake yi musu wa'azi, amma kowace rana sai sun koma sun bincika Littattafai su ga ko haka abin yake. Aka kuwa yabe su a kan haka. To in Bulus ya yarda a bi diddigin maganarsa, wane ne yau zai ce tasa ta fi ƙarfin a duba? Duk inda aka hana tambaya, aka ce mutum ɗaya kaɗai ke jin muryar Allah, ki yi hattara. Ki kai wannan magana gaban faston ikkilisiyarki, kada ki riƙe ta ke kaɗai.

Ta uku gajeriya ce, wani tsoho ne ya sa jikansa ya rubuto masa. Yana tambaya ko bangaskiyarsa ta gaza ta masu ilimi, tun da shi bai yi makaranta ba. Baba, sam ba ta gaza ba. Hankali daban, takardar shaida daban. Da manzannin Yesu, Bitrus da Yahaya, suka tsaya gaban majalisar shugabannin Yahudawa, an gane marasa ilimin makaranta ne, amma aka yi mamakin ƙarfin halinsu, aka kuma shaida cewa sun zauna da Yesu. Ayar da aka karanta muku kuka riƙe, kuka yi ta juya ta a zuci kuna auna rayuwarku da ita, wannan shi ne tunanin da Zabura ta 1 ta yaba. Allah ya ƙara muku lafiya, Baba.

Ta huɗu ita ce ta fi nauyi a wurina. Wani mai koyar da Littafi Mai Tsarki ya rubuto: "Na karanta littattafan tauhidi da yawa, ina iya kare bangaskiya a gaban kowa. Amma in na durƙusa yin addu'a, sai in ji kamar da bango nake magana. Ilimin ne ya busar da ni?"

Malam, na gode da ka faɗi gaskiya, domin masu irin wannan ciwo suna da yawa, masu faɗa kaɗan ne. Ba na jin ilimin ne da kansa. Abin da yakan faru shi ne, a hankali mutum ya koma buɗe Littafi don neman abin da zai koya wa wasu, ko abin da zai ka da abokin gardama da shi, ya daina buɗe shi don a yi masa magana. Bulus ya ce ilimi yakan kumbura mutum, ƙauna ce take ginawa. Yaƙub kuma ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Sanin labarin mutum ba ɗaya yake da sanin mutumin ba.

Toma Akwinas, wanda kaɗan ne suka kai shi zurfin tunani a tarihin ikkilisiya, ya daina rubutu a watan Disamba na 1273, babban littafinsa na tauhidi bai ƙare ba. An ruwaito ya ce wa abokin aikinsa duk abin da ya rubuta kamar busasshiyar ciyawa ne in aka gwada da abin da aka nuna masa. Faskal na Faransa, masanin lissafi da ya ƙera na'urar ƙidaya tun yana saurayi, ya rasu a 1662. Bayan rasuwarsa aka sami wata 'yar takarda ɗinke a cikin rigarsa. A kanta ya rubuta abin da ya same shi a daren 23 ga Nuwamba 1654, na kusan awa biyu. Ya rubuta kalmar wuta, sannan ya rubuta Allah na Ibrahim, Allah na Ishaku, Allah na Yakubu, ba na masana falsafa da malamai ba. Wajen shekara takwas yana yawo da ita a jikinsa. Mutanen nan biyu da hankalinsu suka yi tafiya har iyakar inda yake kaiwa, a can suka durƙusa.

Saboda haka ba zan ce ka rufe littattafanka ba. Romawa 12:2 ta ce ta wurin sabunta hankali ne ake sāke mutum, kuma dalilin sabuntawar shi ne a gane nufin Allah a aikata shi. Ka ware wani lokaci kowace rana da za ka karanta aya kaɗan ba alƙalami a hannu, ba shirin darasi a kai. Ka karanta, ka tsaya, ka mai da abin da ka karanta addu'a. In ka ji bushewar, ka faɗa wa Allah ita kamar yadda ka faɗa mini, ai mahaifin nan da ya kawo wa Yesu ɗansa don a warkar da shi, a Markus 9:24, haka ya yi, ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Sannan ka zaɓi abu guda daga cikin abin da ka daɗe kana koya wa mutane, ko yafe wa wanda ya cuce ka, ko ziyartar marar lafiya, ka aikata shi a wannan mako. Ka sake rubuto mana bayan wata guda, ina so in ji yadda ake ciki.

Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙar wata uwa da ke tambaya yadda za ta amsa wa ɗanta mai shekara tara da ya ce mata wa ya halicci Allah. Da ita za mu buɗe filin mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. A huta lafiya.