Makon jiya 89, yau 103: wai Alhaji zai sayar da sandunansa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, a wurin ajiye motoci nake, ko takalmin wasa ban cire ba. Raina ne ya ɗan ɓaci, shi ya sa na kunna kyamara tun ban huce ba. Kun ga katunan nan biyu? Na wani babban yayanmu ne da muke buga golf tare a nan Legas, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ya ce in nuna, amma kada in faɗi suna. Wannan na Asabar ɗin da ta wuce ne, bugu 89. Wannan da zufa ta jiƙa har fensir ya dusashe na yau ne, 103, kuma a golf mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Fili ɗaya, mutum ɗaya, sanduna ɗaya. Yana gama rami na 18 ya ce wa kadinsa, wato mai ɗaukar masa jakar sanduna, ya saka jakar a but, shi ya gama da wasan nan, ko dai ya sayar da sandunan ko ya yi odar sabuwar draiba, sandar bugun nesa. Na ce, "Haba Alhaji, don Allah a bar sandunan nan, ba su da laifi." Abin da ya ba ni haushi, wannan ne mutum na uku da na ji ya faɗi haka a watan nan.

Matsalar daga lissafi take. Mutum ya buga 89 sau ɗaya, sai ya ɗauka nan ne matsayinsa, duk abin da ya haura haka koma-baya ne. A'a. Wannan 89 ranar sallarka ce, kuma ba kullum ake sallah ba. Handikaf ɗin da muke ta alfahari da shi, wato lambar da ke auna gwanintar ɗan wasa, shi ma haka aka gina shi. Tsarin da duniya ta koma kansa tun 2020 yana duba wasanninka 20 na ƙarshe, ya zaɓi 8 mafiya kyau, ya fitar da matsakaicinsu. Sauran 12 ɗin a kwandon shara suke. Ke nan lambar da ke jikin sunanka tana faɗin abin da za ka iya ne idan komai ya tafi daidai, ba abin da kake bugawa kowace Asabar ba. Masu tsarin da kansu suna cewa kusan sau ɗaya cikin huɗu ko biyar mutum ke buga daidai handikaf ɗinsa. To don me za ka hana kanka cin abinci a kan abin da aka riga aka san zai faru sau huɗu cikin biyar?

Ga yadda ake fitar da lambar kowane wasa, tunda da yawa a waya kawai suke ganinta. Ka cire kimar filin daga bugunka, ka ninka da 113, ka raba da silof na filin. Duka lambobin biyu wahalar fili suke aunawa, kuma suna jikin kati. A ce ka buga 90, kimar fili 71.0, silof 125: 19 sau 113, a raba da 125, ya ba ka 17.2. Kuma kafin a yi lissafin ma sai an rage maka mugun rami. Mai handikaf 18 yana da rarar bugu ɗaya a kowane rami, don haka a rami mai par 4, wato wanda aka ƙayyade a gama shi da bugu huɗu, ba za a rubuta masa fiye da 7 ba, ko da 10 ya buga. Par, da ƙarin biyu, da rararsa. Tsarin ma ya fi mu tausayin kanmu.

Yanzu ku matso ku ga inda bugu 14 ɗin nan suka shiga, don na zauna na ƙirga. Ƙwallo biyu sun tsallake fararen turaku, wato sun fita daga fili. Kowace ɗaya bugu biyu take ci: ɗaya na hukunci, ɗaya na maimaita bugun daga inda ka tsaya. Huɗu ke nan. Ɗaya ta faɗa ruwa, ƙarin ɗaya, biyar. A kan girin, wato lallausar ciyawar da ramin ke ciki, inda ake yin pot, bugun mirgina ƙwallo zuwa rami, makon jiya sau ɗaya ya yi pot uku a rami ɗaya maimakon biyu, yau sau biyar, ga wasu huɗu, tara. Ramin yashi sau biyu ya buga ƙwallo ta ƙi fita, sha ɗaya. Sai sau uku a bakin girin sanda ta riga ta ci ƙasa kafin ta taɓa ƙwallo, ta mirgina taku uku ta tsaya. Sha huɗu cif. Sauran katin kusan tagwaye ne da na makon jiya, bogi, bogi, par, bogi. Bogin golf nake nufi fa, bugu ɗaya sama da par, ba bogi irin na takardun jabu ba. Ka yi bogi a duk ramuka 18 a fili mai par 72, ka tashi da 90. Wannan shi ne wasan da Alhaji ke nema, kuma ba ya buƙatar par ko ɗaya.

Wanda ya ce ƙwararru ba sa haka bai kalli wasa ba. Rory McIlroy ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Masters ta 2011 yana gaba da bugu huɗu, ya buga 80. Bayan wata biyu ya cinye US Open da tazarar bugu takwas. Tiger Woods ya buga 85 a gasar Memorial a 2015, kuma a Masters ta 2020 ya rubuta 10 a rami na 12, rami mai par 3, sannan ya yi bedi, wato bugu ɗaya ƙasa da par, sau biyar a ramuka shida da suka rage. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, daga safe har yamma. Su ma pot na ƙafa 8 kusan rabi suke jefawa, kuma a ramuka 18 wajen 12 ne suke hawa girin a kan ƙa'ida, wato da sauran bugu biyu kafin par ya cika. Kai da ka baro shago a Agege, ka kwana kana lissafin kaya, sau ɗaya kake riƙe sanda a mako, kana son duk pot ɗin ƙafa 8 ya shiga?

Sai kuma Legas kanta, wadda ba ta barin mutum ya yi wasa iri ɗaya sau biyu. Da damina ƙasa laushi take yi, ƙwallo inda ta sauka nan take zama, wani lokaci har ta nutse. A gida Arewa, lokacin hunturu, ƙasa ta bushe ƙayau, ka buga yadi 190 ta yi ta gudu har ta ƙara maka talatin kyauta, kana ta jin kai wani ne. Wallahi ina kewar wannan, da sanyin safiya, da ƙurar da ke sa rana ta yi ja. Wanda ya saba da Rayfield a Jos, filin da ke nan tun 1913, a kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, in ya zo nan bakin teku zai ga ƙwallonsa ta rage tafiya, don iskar nan ta fi nauyi. Ba ƙarfinka ne ya ƙare ba. Ka ƙara sanda ɗaya kawai: inda ka saba ɗaukar ayan 7, sandar ƙarfe mai lamba 7, ɗauki 6, wadda ta fi ta kai ƙwallo nesa.

Wannan ma ya tuna mini. Yaran yanzu ba su san birawun ba, yashi ne da ake cakuɗawa da mai a maimakon ciyawar girin, a share maka hanya kafin ka yi pot. A kan irinsa aka yi gasar Nigerian Open a Ikoyi a 1981, inda Peter Tupling ɗan Ingila ya buga 255 a ramuka 72, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin. A gasar nan Sandy Lyle ya fara cin kofi a matsayin ƙwararre a 1978, Vijay Singh ma ya ci a 1988 da 1989. Don haka in wani ya ce maka golf baƙo ne a ƙasar nan, ka ce ya je ya tambayi tsofaffin kadi. To, mu koma.

Gargaɗina na farko: kada ka fito daga go-sulo ka wuce kai tsaye kan ti na farko, wurin da ake fara bugu. Wanda ya yi awa biyu a gadar Third Mainland ko hanyar Lekki zuwa Epe, bayansa a sandare yake, ramuka uku na farko asara ne. Minti 20 na ɗumama jiki sun isa. Ƙwallo goma da gajeriyar sanda, goma da ayan 7, biyar da draiba, sauran lokacin a kan girin na gwaji kana pot daga taku goma, ba don ta shiga ba, don hannunka ya san saurin ciyawar yau. Pot uku ba daga karkacewa yake zuwa ba, daga ƙarfi ne: na farko ya tsaya ƙafa shida kafin rami ko ya wuce da shida. Ka sa a ranka da'irar da ba ta wuce faɗin faranti babba ba a kewayen ramin, can kake aikawa.

Kuma ka bar auna kanka da bugun da ya fi kowanne nisa a rayuwarka. Ka buga ƙwallo goma da ayan 7, ka jefar da mafi nisa da mafi kusa, abin da ya rage shi ne nisanka. Yawancinmu gajarta muke yi, ramukan yashi kuma galibi a gaban girin suke jira. Tsakiyar girin za ka nufa, ka ƙyale tuta, musamman in an dasa ta a gefen ruwa. Rami mai yadi 400 da fararen turaku a dama, wa ya ce dole draiba? Yadi 170, sake 170, saura 60, ka hau a bugu na uku, pot biyu, ka tafi da 5. Da rararka par ne. Na san abin da ke hana mu: abokai na kallo, ba ka so a ce Alhaji ya ji tsoro. Tsoron nan ya fi arha. Ƙwallo ɗaya mai kyau yanzu kuɗinta ya fi na tsiren mutum biyu a Obalende, ga dubu goma da na miƙa wa kadi ɗazu ban da ruwan sha.

In ƙwallo ta shiga bishiyoyi, fito da ita gefe. Ratar nan da kake hangowa tsakanin itatuwa biyu, ita ke mayar da 6 ya zama 9. In kana shakkar ta ɓata ko ta fita, faɗa wa abokan wasa za ka buga ta wucin gadi tun kana kan ti, don minti uku kacal doka ta ba ka na nema tun 2019. In ta nutse a ramin da ta haƙa da kanta a cikin fili, ko ta zauna a ruwan sama da ya kwanta, ɗagawa kyauta ce, ka sake ta daga tsayin gwiwa. Mutane da yawa suna cin bugu a banza a damina don ba su san wannan ba. Safar hannu kuma biyu ko uku za ka riƙe, kana sauyawa, da tawul a jikin jaka. Zufar Legas in ta jiƙa mariƙin sanda, kana kai bugu fuskarta za ta juya, sai ka ga ƙwallo ta nufi titi.

Ni abin da na roƙi Alhaji, ya ba ni wasa biyar kafin ya kira mai sayen sanduna. A bayan kati ya ja layi huɗu: hukunci, pot uku, yashi, cin ƙasa a cikin yadi 50. Duk lokacin da ɗaya ya faru, ya ɗiga alama. Layin da ya fi cika shi zai kai wa koci, awa ɗaya a kan abu ɗaya, ba a rushe masa bugu gaba ɗaya ba. Kuma kada ya kuskura ya canja riƙo ko tsayuwa a tsakiyar wasa don wani a rukuninsu ya ce ya ɗaga kai. Sannan ya rubuta wasanninsa 20 na ƙarshe daga ƙarami zuwa babba, ya sa yatsa a tsakiya. Na tabbata wajen 95 zai samu. Wanda tsakiyarsa 95, da 89 da 103 duk 'yan gidansa ne.

Ranar da abin ya cakuɗe tun rami na huɗu, a koma ƙirgen Stableford: bogi maki ɗaya, par biyu, bedi uku, bayan an cire rara. Ramin da ya lalace sifili ne kawai, ka ɗauki ƙwallonka ka wuce, na bayanku ma su samu hanya. Maki 36 shi ne ka buga daidai handikaf, 30 zuwa 32 kuwa rana ce ta yau da kullum, ba abin zaman makoki ba. Na lissafa masa katin yau a haka, ya tashi da 25. Ya karɓi katin ya juya shi, ya ce, "To ai wannan bai kai munin 103 ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne dai."

Ga shi can ya sa an fito da jakar daga but, wai zai je ya buga yashi kwando ɗaya kafin magariba. Ni kam hadari ya haɗo ta wajen teku, bari in kama hanya kafin gada ta cushe. Sai Asabar in Allah ya kai mu.