Amsoshin Tambayoyinku: Bita da Tarukan Marubuta

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Dabo. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan bita da tarukan marubuta suke, don haka na gayyato malaminmu, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa, kuma yana duba wa marubuta littattafai kafin su kai maɗaba'a. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Malama. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Lokaci ba ya jira, bari mu fara. Wani ƙanenmu daga Kurna yana tambaya, shin sai mai digiri ne ake bari ya shiga taron marubuta? A'a, ƙanena, ba a tambayar kwali a bakin ƙofa. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, tana da reshe a nan Kano, kuma ana zaman karatu da Hausa da Turanci. Ɗauki rubutunka ka je, ka yi sallama ka zauna.

Sai wata 'yar'uwa daga Gwammaja, ta ce mene ne bambancin bita da babban taro? Malam, wannan taka ce.

Malam: To, Malama, ai wannan abu yana da tarihi. Idan muka koma 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, a nan aka samu su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Gwarzo, wanda shi namu ne na nan Kano. Kuma ba karɓar rubutun kawai aka yi aka buga ba. An bi shi, an gyara, an rage. Daga baya ma Imam ya je Zariya ya zauna suna aiki tare da East. Haka nan da aka zo zamanin adabin kasuwar Kano, wato littattafan labarai da marubuta ke buga wa kansu ana sayarwa a kasuwa, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna taimakon juna wajen buga littattafai da tallata su. Ni na ga lokacin da in ka bi ta wajen Bata, za ka tarar da littattafai jibge...

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, 'yar'uwarmu tana can ta kasa kunne, bambancin take jira.

Malam: Af, to. A babban taro ana gabatar da maƙala, ana tattaunawa, ana baje kolin littattafai, kina sauraro kina sanin mutane. A bita kuwa ke ce za ki yi aikin, a duba, ki sake.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga tambayar da ta fi kowace yawa, kuma a kanta za mu ɗan daɗe. Ta zo daga Ɗorayi, ta zo daga Hotoro, ta zo daga Rijiyar Lemo, kalmomin ne kawai suka bambanta. Bari in karanta ta 'yar'uwarmu ta Ɗorayi. Ta ce ta ga sanarwar bita a WhatsApp, ta biya kuɗin rajista, aka zuba su a zaure ɗaya su da yawa, mai koyarwa yana turo saƙon murya da daddare, da aka gama aka turo wa kowa satifiket mai sunansa. Amma har aka rufe zauren babu wanda ya karanta ko layi ɗaya na labarinta. Ta ce yanzu ga wata sanarwar ta sake fitowa, ta biya ko ta haƙura?

'Yar'uwa, kafin Malam ya yi magana, ni ra'ayina a fili yake. Kada ki tura ko sisi sai kin yi tambaya ɗaya: wa zai karanta rubutuna? Na maimaita saboda masu sauraronmu da ke cikin adaidaita-sahu ko a bakin murhu. Kafin ka biya, kafin ki biya, a tambaya: wa zai karanta rubutuna, kuma yaushe zai dawo mini da gyara? In aka fara kame-kame, a riƙe kuɗin.

Malam: Gaskiya ne. Kuma kada a fahimce mu a baibai, karɓar kuɗi ba laifi ba ne. Ana kama ɗakin taro, ana zuba wa janareta mai, ana buga takardu, mai koyarwa ya bar aikinsa ya zo. Ta intanet ɗin ma akwai masu yi tsakani da Allah. Abin dubawa shi ne me aka ba ki. Koyon rubutu kamar koyon ɗinki ne, sai kin ɗinka, oga ya duba ya farke, kin sake ɗinkawa. To in mutum ɗari biyu ne a zaure, malami ɗaya, yaushe zai farke na kowa?

Bari in ba ki misalin yadda zaman kirki yake. Mutum goma sha biyu ne, ko sha biyar, an kewaye tebur. Kowa ya turo shafi biyu ko uku tun kafin ranar, an buga an raba. Yarinya ta tashi ta karanta nata da ƙarfi. Shafin farko gaba ɗaya bayanin kyan tauraruwar ne, dogon hanci, gashi har gadon baya, sai motar da ta fito daga ciki. Da ta gama sai a yi shiru, can wani ya ce, to me yarinyar nan take so? Me ya hana ta samu? Marubuciyar ta duba takardarta, ta ga amsar tana shafi na uku, inda uwar ta ce gobe za a kawo kuɗin aure. Sai a ce mata, daga nan labarinki ya fara. Sannan a bi da jan biro, inda ta raba "yana" gida biyu a haɗe shi, inda ta manne "ya ce" a raba, a mayar wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu. Za ta koma gida ranta a ɗan ɓace, takarda ta yi ja. Amma wanda za ta kawo a zama na gaba, wallahi ba za ki ce hannu ɗaya ne ya rubuta ba.

Mai gabatarwa: To batun satifiket fa, Malam? Na ga shi ne yake jan mutane.

Malam: Malama, ni dai da nake duba littattafai ban taɓa cewa marubuci ya nuna mini satifiket ba. Shafin farko nake buɗewa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, labari ake turawa, shi alƙalai suke karantawa. Sannan a binciki mai koyarwar. Me ya rubuta? Littafin wa ya taɓa gyarawa? A nemi wanda ya halarci bitarsa ta baya a ji daga bakinsa. Kano ba ta da girman da za a rasa wanda ya san shi.

Mai gabatarwa: Kun dai ji. 'Yar'uwa ta Ɗorayi da sauran masu irin tambayarki: a san mai koyarwa, a san yawan ɗalibai, kuma a tabbatar za a karanta rubutun. Ni abin yana yi mini ciwo ne saboda na san yawancinku daga kuɗin cefane ko na makaranta kuke tsakurowa. Ku kuma masu shirya irin wannan bita, ku ji tsoron Allah. In kun karɓi kuɗin mutum, ku karanta abin da ya rubuta.

Saura 'yan mintuna. Wani bawan Allah daga Fagge ya ce yana tsoron ya karanta labarinsa a taro a sace masa. Malam, a taƙaice don Allah.

Malam: Satar fasaha akwai ta, musamman a zaurukan intanet, inda ake cire sunan marubuciya a liƙa wani. Amma doka tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ga dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ga kuma hukumar da ke kula da ita. Ya tura wa kansa kwafi ta imel saboda kwanan wata ya zauna, kuma babi ɗaya zai karanta a taro, ba littafin duka ba.

Mai gabatarwa: Sai wata uwargida daga Sharaɗa, ta ce maigida ba ya son ta riƙa fita taro. Uwargida, a bi shi da lalama, a nuna masa takardar gayyata, in da hali ku je tare ya ga abin da ake yi da idonsa. In hakan bai samu ba, ki nemi mata huɗu ko biyar masu rubutu, ku riƙa haɗuwa a gidan ɗayanku bayan la'asar, kowa ta karanta nata a gyara mata. Maigida, in kana jinmu, a taimaka a yi haƙuri.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Bayero yana tambayar tarukan da ake yi a wajen Kano. Akwai bikin littattafai na Kaduna, KABAFEST, da aka fara a 2017, da HIBAF na adabin Hausa da aka fara a Kaduna a 2021. A kudu akwai bikin Ake, wanda ya faro a Abekuta a 2013, akwai kuma gidan marubuta na Ebedi a Iseyin ta jihar Oyo, inda ake ba marubuci masauki na wasu makonni ya zauna ya yi rubutu. Amma ɗana, kai da kake da Sashen Harsunan Nijeriya a cikin makarantarku, ka fara leƙa allon sanarwarsu tukuna.

Na ƙarshe, wani daga Yakasai ya ce in taimaka masa da bitar da ake ba da kuɗin mota da abincin rana. Haba Malam, ko gajeren labari ɗaya ba ka ce ka rubuta ba, ka fara da tambayar shinkafa! Rubuto mana shafi biyu ka turo, ni da kaina zan miƙa wa Malam ya duba maka.

Malam: Na karɓa, amma ya sani da jan biro zan bi shi.

Mai gabatarwa: To, injiniya yana ta nuna mini agogo. Masu tambaya kan lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da kuɗin buga littafi, mun ajiye saƙonninku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Jama'a, a huta lafiya.