Hajji da Umara: ka bi ayari ko ka haɗa tafiyarka da kanka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar tafiya ƙasa mai tsarki za mu yi, wai mutum ya biya a tafi da shi cikin ayari ne, ko ya haɗa komai da kansa ya rage kashe kuɗi. To sai mun raba abin gida biyu tukuna, don Hajji daban Umara daban.

Hajji dai kai tsaye, babu wani ni kaɗai zan je. Saudiyya kujeru take rabawa ƙasa-ƙasa, Najeriya ta samu 95,000 a 2023 da 2024, hukumar alhazai ta ƙasa wato NAHCON ke karɓa ta raba wa hukumomin alhazai na jihohi sannan ta ware wa kamfanoni masu lasisi nasu kason, su ne muke ce wa jirgin yawo. A Nijar kuma hukumar alhazai ta COHO ce ke riƙe da harkar. Kenan zaɓinka a Hajji biyu ne, jiha ko jirgin yawo, kuma duka ayari ne. Ta jiha kuɗin ya fi sauƙi, kana tare da 'yan ƙaramar hukumarku, ga malamai masu bita ga likitoci, amma fa sai haƙuri, za ka iya yin wajen kwana 40 kana jiran layin jirginku ya zo. Jirgin yawo ya fi tsada amma kwanakin ba su da yawa, shi ya sa 'yan kasuwa da ma'aikata suka fi son sa.

Sai kuma masu cewa ai akwai hanya, ka shiga da bizar ziyara ka laɓe har lokacin Arfa. Don Allah kar ka yarda. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, sama da mutum 1,300 suka rasu, kuma ministan lafiyar Saudiyya ya ce kashi 83 cikin 100 ba su da tasrihi, wato takardar izinin yin Hajji. Dalilin a fili yake, wanda ba shi da tasrihi ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da mota, da ƙafa zai yi ta bugawa cikin rana yana ɓuya wa askarawa, ko ciwo ya kama shi tsoron zuwa asibiti yake. In an kama shi kuma ga tara har riyal 20,000, a tiso ƙeyarsa gida a hana shi shiga ƙasar shekara 10.

Umara ce ake da zaɓi na gaske. Yanzu abubuwa sun yi sauƙi sosai, otal a waya za ka kama, izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk za ka nema, tsakanin Makka da Madina ga jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, tafiyar kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna, abin da mota ke cinye maka wajen awa biyar ko shida. Wanda ke da bizar Amurka ko Ingila ko ta ƙasashen Turai ta Schengen da ya taɓa shiga da ita yana iya samun bizar yawon buɗe ido ya yi Umara da ita, amma yawancin mutanenmu ta hannun ejan suke samun bizar Umara, sai su haɗa sauran da kansu.

Daɗin tafiya kai kaɗai shi ne lokacinka naka ne. Babu zaman jiran mota awa biyu saboda wata Hajiya ta shiga kasuwa sayen dabino da jallabiya, ka ga dama ka yi ɗawafi ƙarfe biyun dare lokacin da cunkoso ya ragu, ka ga dama ka ƙara kwana a Madina. Amma komai a kanka yake. Misali ka taso daga Madina a jirgin ƙasa, jirgin nan ba zai tsaya maka a Zul Hulaifa ba, wato miƙatin mutanen Madina, dole ka ɗaura harami tun kafin ka hau ka kuma kasa kunne ka yi niyya in an zo daidai miƙati, in ka sha'afa ka wuce ba harami to sai ka koma ko fidiya ta hau kanka. A ayari malami ne zai miƙe ya ce jama'a a yi niyya, shikenan. Haka in fasfo ya ɓata, ko ka je otal aka ce sunanka ba ya ciki, ga Larabcinka bai wuce kam riyal ba.

Ni a ganina wanda bai taɓa zuwa ba, ko zai tafi da tsohuwa mai buƙatar keken turawa wajen sa'ayi, ya bi ayari kawai. Wanda ya taɓa zuwa, ya san ƙofofin Harami, yana iya sarrafa waya, ya tafi abinsa, musamman in ba azumi ba ne, don goman ƙarshe na Ramadan kuɗin otal ninkawa yake ba kaɗan ba.

In ayarin za ka bi kuma kar ka tsaya a kan kalmar "kusa da Harami", kowane ejan haka yake faɗa. Ka ce ya ba ka sunan otal ɗin ka duba a taswira da kanka, don can ƙarshen unguwar Misfala ta Makka ma kusa ake kiransa alhali sai ka yi tafiyar rabin awa kowace salla. Ka tambayi mutum nawa ne a ɗaki, da abinci ko babu, tikitin dawowa an yanka ko sai an je can. Sunan kamfanin ka nema a jerin masu lasisin NAHCON, kuɗin kuma a asusun kamfani za ka tura a ba ka rasit, ba asusun wani yaron ofis ba.