Folet: abin da jikinmu ya daina ƙerawa, ƙwayar masassara ba ta daina ba

Masu kallo, barkanku. Mai juna biyu da ta je awon ciki a Damagaram takan samu magani iri biyu: ƙwayar ƙarin jini mai ɗauke da folet, wato bitamin B9, da ƙwaya uku na SP, wato haɗin sulfadoksin da firimetamin, masu hana ƙwayar masassarar cizon sauro haɗa nata folet. Me ya sa na biyun bai rushe aikin na farko ba? Amsar tana cikin tarihin ƙwayoyin gado.

Abu uku ake haɗawa a samu folet: zoben sinadarin fiterin da ke fitowa daga wani sinadari mai suna GTP, sinadarin pABA, sai gulutamet. A bakteriya kowane mataki da ƙwayar gadonsa. folE ke fara aiki, folB da folK su gyara zoben, folP ta ɗaura masa pABA, folC ta liƙa gulutamet, folA ta mayar da shi wanda jiki zai iya mora. Tantani ba ya haɗa DNA sai da folet.

Tsirrai na da wannan hanya cikakkiya, amma sun raba ta gida uku cikin tantani: fiterin a ruwan tantani, pABA a fulastid, haɗawar kuma a mitokondiriya. Shi ya sa wake, gyaɗa da alayyafo ke da shi. A 1941 ma daga ganyen alayyafon Turawa aka fara tace shi.

Dabbobi fa? Tun can baya kakanninsu suka rasa folB, folK da folP. Wanda kullum ake kawo masa tuwo, murhunsa kan mutu. Abinci ya wadatar, sai ƙwayoyin gadon suka shuɗe, aka bar mana irin folA da folC don sarrafa wanda muka ci.

Ita Plasmodium, wato ƙwayar masassarar cizon sauro, dabararta daban ce. Ta haɗe folK da folP suka zama furotin ɗaya, ta haɗe DHFR, wato inzayim ɗin da folA ke samarwa, da wani inzayim mai suna TS. folB kuwa ba ta da ita sam, wani inzayim ne, PTPS, ke tsallake mata matakin. A nan maganin ke shiga: sulfadoksin ya yi kama da pABA, sai ya toshe aikin folP, wanda mu ba mu da shi. Firimetamin kuma ya fi kama DHFR ɗinta nesa ba kusa ba a kan namu.

Sai dai ƙwayar ba ta zauna ba. Sauyin da ke sa ta jure wa magani, a gurbi na 51, 59 da 108 na dhfr (folA ɗinta), da na 437 na dhps (folP ɗinta), ya bazu a Afirka ta Yamma. Na gurbi 540 na dhps, mai rage ƙarfin maganin sosai, ya fi yawa a gabashin Afirka. Ƙarancinsa a yamma na cikin dalilan da SP haɗe da amodiyakin, wani maganin masassara, ke ci gaba da kare yara a Sahel lokacin damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012.

Wani abin lura: ƙwayar na iya tsotsar folet daga jinin mutum. Miligiram 0.4 na folet a rana bai hana SP aiki, amma miligiram 5 na raunana shi. Don haka a duba kwalin kafin a haɗa su. SP kuma daga mako na 13 na ciki ake fara shi, wata ɗaya tsakani, kuma ba a ba wadda ke shan kotirimoksazol, wani maganin bakteriya, domin hanya ɗaya suke toshewa.