Iskar Gefe da Saukar Ƙananan Jirage

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani tsohon matuƙin jirgin feshi ya yi wa matasa a Gadarif, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, ƙannena samari, sannunku da zuwa.

Na daɗe ina feshin auduga a gonakin Jazira, kuma babu lokacin da gabana ke faɗuwa irin minti biyun ƙarshe kafin taya ta taɓa ƙasa, ran da iska ta taso.

Jirgi ya fi son sauka yana fuskantar iska. Ta gefe ce mugunya. Ku ɗauki Cessna 172, wadda ake koyon tuƙi da ita: iskar gefen da masu ƙera ta suka gwada ta da ita wajen kilomita 28 ce a awa. To, wanda ya taɓa ganin habub, wato guguwar ƙura, ta tunkaro Khartum, jawur kamar katanga, ya san wannan ba komai ba ne a wurinta.

Kun ga mai kwalekwale zai tsallake Nilu? Sama yake nufa kafin ruwa ya kai shi mashaya. Haka matuƙi ke karkata hancin jirgi cikin iska. Gab da ƙasa sai ya taka feda da ƙafa ya miƙe hancin, ya kwantar da fiffiken ɓangaren iska, tayar wannan ɓangaren ta fara sauka. In ya makara, jiragen feshi masu ƙaramar taya a wutsiya juyawa suke kamar katantanwa.

Ni ma na ɗanɗana. Na ga tutar da ke nuna ƙarfin iska a filin ta miƙe sambal, amma mai aikin na tsaye yana duba agogo, kunya ta hana ni sake zagayowa. Fiffiken dama ya kwashi ƙasa, ƙura ta cika min baki. Allah ne ya yi da sauran kwana.

Manyan jiragen ma ba su tsira daga iska ba. Ran 10 ga Yuni 2008, jirgin Sudan Airways ya sauka Khartum iska na bayansa, ya zarce titi, ya kama wuta, mutum 30 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Saboda haka, samari, in saukar ba ta kwanta muku ba, ku ƙara wuta ku koma sama ku sake shiri. Ku kuma alhazai masu hayar jirgi, don Allah in matuƙi ya ce sai iska ta lafa, ku ba shi shayi ya zauna a inuwa.