Sharhi: Shaiba, gansakuka da zanzaro, da gubar nukiliyar da suke kwasa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na Makka da Jidda da Madina da duk inda muryarmu ta kai. Sharhinmu na yau kan wani abu ne da yake cikin kicin ɗin kusan kowa a nan Hijaz, wato shaiba, busasshen abin nan mai launin toka da iyayenmu mata ke jefawa a salik ko shurba don ƙamshi. Da yawa ana ɗauka ganye ne, alhali wata halitta ce da take manne a jikin dutse ko ɓawon itace, ba ta da saiwa ko ɗaya, ruwanta da abincinta daga iska da raɓa da ruwan sama da ƙura take samu. Ita da gansakuka duk haka suke, kamar soso, abin da ya sauka a kansu sun shanye shikenan, ga shi girmansu a hankali ne, suna iya shekaru da dama a wuri ɗaya suna tarawa.

Toh me ya haɗa wannan da nukiliya? Ran 26 ga Afrilu 1986 tashar wutar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Yukiren, iska ta kwashi burbushin ta yi arewa da shi, ruwan sama ya sauke shi a Suwidin da Norwe. A can akwai mutanen Sami, makiyaya ne, dukiyarsu barewar ƙasar ƙanƙara ce, kuma da hunturu babban abincin dabbar nan shi ne dangin shaiba da take tonowa ƙarƙashin ƙanƙara. Shaibar ta sha sinadarin siziyam-137 mai tururin nukiliya da ke cikin burbushin, barewa ta ci shaiba, mutum kuma zai ci barewa. A Suwidin kaɗai sama da barewa 70,000 aka hana cin namansu a yankan farko bayan hatsarin. Dan Allah ku kwatanta da makiyayin da aka ce masa garkensa lafiya lau a ido amma naman ba ya ciwuwa, wallahi abin da ciwo, mutanen nan ba su da tashar ba su sha wutarta ba, nisan da ke tsakani ma ya fi kilomita 1,000. Dole suka koma yanka da wuri kafin dabba ta koma kan shaiba, ko su sayo mata abinci mai tsabta.

Abin da ya sa siziyam ke da naci shi ne jiki yana ɗaukarsa a matsayin fotashiyam, sai ya kai shi cikin tsoka, shi kuma sitironshiyam-90, wani sinadarin mai tururin nukiliya, a matsayin kalshiyam, sai ya wuce ƙashi. Kuma siziyam sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, ya'ani na Chernobyl sai wajen 2016 ya kai rabi.

Ƙwari kuma hanyarsu daban, su da ƙasar kai tsaye suke hulɗa. A Hanford ta jihar Washington a Amurka, inda aka haɗa sinadarin bam ɗin da aka jefa a Nagasaki, an samu zanzaro yana ɗibar laka mai guba yana gina ɗakinsa da ita, sai da ma'aikata suka bi suna kwashe gidajen zanzaron har da ƙasar wurin. Tururuwa ma tana haƙa rami ta fito da abin da aka binne. A watan Yulin 2025 an tsinci sheƙar rina mai tururin nukiliya a Savannah River, wani wurin aikin makaman nukiliya a jihar South Carolina. A Japan bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima na 2011, Joji Otaki da abokan aikinsa na jami'ar Ryukyus sun kama wani ƙaramin malam-buɗe-littafi suka ga nakasa a fukafukai da idanu da ƙafafu.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na zuma. A 2021 wani masani Jim Kaste ya fitar da binciken zumar gabashin Amurka, fiye da rabin wadda aka gwada akwai siziyam a ciki, ragowar gwajin bama-baman shekarun 1950 da 1960, kuma ya fi yawa a yankin Florida inda ƙasa ba ta da fotashiyam sosai, sai tsiro ya ja siziyam a madadinsa, ya kai fure, kudan zuma ya kwasa. Adadin kaɗan ne bai kai na cutarwa ba, amma dai bayan shekara sama da 50 yana nan yana yawo. Mu ma Saharar da ke arewa da garuruwanmu na asali an yi irin gwajin a cikinta, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane ta Aljeriya ran 13 ga Fabrairu 1960.

Hajiya kar ki zubar da shaibarki, ba abin da nake nufi ba kenan. Barewa cin ƙoshi take yi kullum duk hunturu a wurin da guba ta sauka, ke kuma ɗan tsunkule kike sawa a tukunya ki tsame. Haka masu son fara, babban abin tsoro a jikinta maganin feshi ne, shi ya sa hukumomi a nan suke gargaɗi idan ta shigo.

Abin da nake kira gare shi awo ne. Yankin nan ya shiga zamanin nukiliya, tashar Barakah a Hadaddiyar Daular Larabawa tana aiki da injina 4, ga tashar Bushehr a Iran, Masar na gina tata a El Dabaa, Saudiyya ma ta bayyana niyyarta ta gina tasha da haƙar yuraniyam. A duwatsun Asir wajen Abha dangin shaiba na nan reto a jikin itatuwan ar'ar, ga masu kiwon zuma a Baha da Ɗa'if. Ni a ganina yanzu ne ya kamata a riƙa ɗiba ana aunawa ana rubutawa duk shekara, sabida in ba a san yadda wuri yake tun da fari ba, ranar da wani abu ya faru ba mai iya cewa ga abin da ya ƙaru. Turai sun daɗe suna haka da gansakuka don gane ƙarafan da ke cikin iska, kuma aikin ba shi da tsada sosai. Yaranmu da ke karatun kimiyya a Ummul Kura da jami'ar Sarki Abdul'aziz, ga aikin bincike nan a gabanku, ku kai wa malamanku maganar. Mu kwana nan, wassalamu alaikum.